Littafin Dogon Hutu: Kafin Ka Saya, Duba Shekarar Bugawa

Da zarar dogon hutun bazara ya matso, jaridu da mujallu kan cika da jerin littattafan da ake cewa kada su wuce ka. Galibinsu gida huɗu suke faɗawa: ƙagaggun labaran tarihi, littattafan shugabanci, na siyasa, da na tarbiyyar yara. Mai son karatu sai ya ji duk yana so, ya kwaso shida, hutu ya ƙare biyu na nan rabi-rabi, huɗu ko buɗe su bai yi ba. Ga iyali, ga tafiye-tafiye, littafi biyu ma sun wadatar, in dai an zaɓe su da kyau. Wurin da nake fara dubawa kuwa shi ne shafin da ke bayan shafin suna, inda ake rubuta shekarar bugawa da adadin bugu da 'yan ƙananan haruffa. Ya fi bango da yabon da ke bayansa amfani, sai dai abin da shekarar ke nufi ya bambanta daga wannan gida zuwa wancan.

A littafin tarbiyya, nemi bugu mafi sabo, musamman idan ya shafi jariri. Shekaru da dama shahararrun littattafan reno suna cewa a kwantar da jariri rub da ciki. A 1992 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce a daina, a 1994 aka fara gangamin a riƙa kwantar da su rigingine, kuma cikin shekaru kusan goma mutuwar fuju'a ta jarirai a cikin barci ta ragu da fiye da rabi a ƙasar. Tsohon bugun da aka ba ka aro da zuciya ɗaya yana iya ɗauke da tsohuwar shawarar. Duk abin da ya shafi barci, ciyarwa, magani da rigakafi, kada ka dogara da littafin da ya daɗe ba a sabunta shi ba, kuma maganar likitan yaro tana gaba da ta kowane littafi.

Ɓangaren ɗabi'a bai cika saurin tsufa haka ba. Tun shekarun 1960 masaniyar halayyar ɗan Adam Diana Baumrind ta raba salon iyaye gida uku: masu tsanani da ba sa bayani, masu sake wa yaro linzami, da masu haɗa ƙauna da doka tare da faɗa wa yaro dalili. A 1983 Maccoby da Martin suka ƙara na huɗu, wato masu halin ko-in-kula. Littattafai da yawa na yau wannan rabon suke juyawa da sababbin sunaye. Amma a nan ma akwai abin lura. Gwajin nan na Walter Mischel a jami'ar Stanford, inda ake ajiye wa yaro alewa a ce in ya yi haƙuri zai samu biyu, ya shiga littattafai barkatai a matsayin hujjar cewa haƙurin ɗan shekara huɗu ne ke nuna nasararsa a gaba. Da aka sake nazarin a 2018 da yara masu yawa, sai aka ga alaƙar ta ragu ƙwarai idan aka yi la'akari da halin gidan da yaron ya fito. Littafin da ya kawo gwajin bai ambaci wannan ba, ka san bai bi sawun bincike ba. Kuma ka zaɓi wanda ya tsaya a kan shekarun ɗanka. Mai cewa ya haɗa daga goyo har balaga, taɓa kowane mataki yake yi ya wuce.

A shugabanci kuwa akasin haka nake bi: na fi son wanda ya kwana biyu, don in iya duba abin da ya samu misalansa. Littafin Good to Great na Jim Collins ya fito a 2001, ya zaɓi kamfanoni 11 a matsayin abin koyi. A 2008 ɗaya daga cikinsu, Circuit City, ya shiga fatara, ya rufe shagunansa a 2009. A watan Satumba na 2008 ɗin gwamnatin Amurka ta karɓe ragamar wani, Fannie Mae, kamfanin harkar bashin gidaje. Wannan bai mayar da duk abin da ke ciki banza ba, amma ya tona inda raunin irin waɗannan littattafai yake. Marubuci kan fara da waɗanda suka riga suka yi nasara, ya waiwaya ya nemo halin da suka yi tarayya a kai, ba ya ƙirga waɗanda suke da halin nan kuma suka faɗi. Kafin ka biya kuɗi, buɗe jerin babi-babi ka karanta babin farko. Sau tari duk maganar a nan take, sauran shafuka ɗari biyu nanatawa ce, kuma irin wannan littafi, aro ya fi dacewa da shi.

In shugabanci ne da gaske ke damunka, ko an ba ka sabon muƙami, tarihin rayuwar shugaba guda ya fi littafin matakai bakwai ko dokoki goma koyarwa. Ɗauki shugaban Amurka Abraham Lincoln: a 1861 ya naɗa William Seward da Salmon Chase da Edward Bates cikin majalisar ministocinsa, mutanen da suka yi takarar tikitin jam'iyya da shi. Littafin dokoki zai ce maka ka jawo abokan hamayya, shi ke nan. Tarihin rayuwa zai nuna maka yadda Chase ya ci gaba da kwaɗayin kujerar shugaban ƙasa yana cikin gwamnati, har Lincoln ya karɓi takardar murabus ɗinsa a 1864, sannan a ƙarshen shekarar ya naɗa shi alƙalin alƙalai. A nan ne mutum ke ganin abin da shawarar ke ci.

Littafin siyasa shi ya fi saurin lalacewa, kamar madarar da aka bari a rana. Wanda aka fitar wata shida bayan zaɓe, marubucinsa bai ga takardun gwamnati ba, hira ya yi da waɗanda ke son a ji nasu ɓangaren. A Birtaniya ana buɗe takardun gwamnati bayan shekara 20, da can ma 30 ne. A Amurka, dokar 1978 ta sa ana fara neman takardun shugaban ƙasa shekara biyar bayan ya sauka, wasu kuma yana iya rufe su har shekara 12. Don haka in zaɓi ya zo tsakanin sabon littafi mai tashe da na masanin da ya rubuta a kan abin da ya faru shekara talatin baya, na biyun zan saya in ajiye, na farkon in karanta sharhinsa a jarida. Tarihin da tsohon mai mulki ya rubuta a kan kansa yana da daɗin karantawa, yana da amfani kuma, muddin ka tuna mutum ne ke kare kansa, kuma sau da yawa da taimakon marubucin bayan fage. Juya ƙarshen littafin: in ba manazarta, sai "wata majiya ta ce" a kowane shafi, ka sassauta yardarka.

Ƙagaggen labarin tarihi ne kaɗai shekarar bugawa ba ta dame shi ba, kuma shi nake ganin ya cancanci kaso mafi tsoka na hutun, domin yana son dogon zama ba yankewa, abin da ranakun aiki ba sa bayarwa. Ana danganta farkon wannan salo da Waverley na Walter Scott, wanda ya fito a 1814 yana ba da labarin tawayen 1745 na Scotland. Har yau kyautar da ke ɗauke da sunansa tana sharɗanta cewa labarin ya faru aƙalla shekara 60 da suka wuce. Abin dubawa a nan shi ne bayanin marubuci na ƙarshen littafi. Nagari zai faɗa maka wane mutum ne na gaske, wane ne ya ƙirƙira, ina ya haɗe shekara uku suka zama ɗaya. Wanda bai yi wannan ba zai bar ka kana yawo da ƙage a matsayin tarihi. Duba kuma ko akwai taswira da jerin sunayen taurari, sannan ka tabbatar juzu'i na farko ka ɗauko, don da yawansu jeri ne. In fassara ce, sunan mai fassara ya zama abin dubawa: tsofaffin fassarori da haƙƙin mallakarsu ya ƙare suna nan kyauta a shafin intanet na Project Gutenberg, amma kwatanta shafin farko da na sabuwar fassara tukuna, wani lokacin bambancin ya kai a biya.

Sai batun a wace siffa za ka saya. Na tarbiyya takarda ya fi, domin za ka ja layi, ka naɗe gefen shafi, ka miƙa wa uwar yara ko uban yara. Labarin tarihi mai taurari da yawa shi ma takarda, saboda komawa taswira a kai a kai. Na'urar karatu irin Kindle ana ganin rubutunta a cikin rana, cajinta na kai makonni, ba ta kuma katse ka da saƙonni kamar waya. Littafin saurare ya dace da tarihin rayuwa, balle in mai shi ne ke karantawa da muryarsa, amma yi lissafi: mai karantawa kan yi kalma kusan 150 a minti, wato littafi mai kalma 100,000 zai ci awa 11 ko kusa da haka, babban littafin Tolstoy kan yaƙin Napoliyon kuwa kusan awa 60. Ka kuma duba ko cikakke ne ko taƙaitacce, ana rubutawa a bayanin sayarwa.

Zaɓina ga mai sayen biyu: ƙagaggen labarin tarihi guda mai kauri, sai ɗaya daga sauran ukun gwargwadon abin da ke hana shi barci a yanzu. Mai sabon jariri ya ɗauki na reno bugun ƙarshe, mai sabon muƙami ya ɗauki tarihin rayuwar shugaba. Kowanne ka ɗauka, kada ka tsaya a shafin farko, wanda marubuci da edita suka fi gogewa. Buɗe tsakiya ka karanta shafi biyu cikakku kafin ka biya.