Layi biyu a ƙofar lilo ɗaya: abin da na gani a Orlando

Yaya, barka da warhaka, ya yara? Ka tambaye ni ko tikitin tsallake layi da ake sayarwa a wuraren wasa na nan Florida ya cancanci kuɗinsa, tunda kana shirin kawo su hutu. Bari in fara da abin da ya same mu a ɗaya daga cikin wuraren a bazarar da ta wuce.

Allon ƙofa ya nuna minti 45, muka shiga layi ni da 'yata. Da muka kai inda layinmu ke haɗuwa da na masu tikiti, sai ma'aikaciyar ta ja igiya ta tare mu. Ina tsaye ina ƙirga: ta bar mutum kusan ashirin daga can suka wuce, sannan ta ɗaga wa mutum biyar daga namu. Haka ta yi ta yi. Yarinya ta gaji ta zauna a ƙasa ta jingina da ƙafata, ta ɗago ta ce, "Baba, su me suka yi aka bar su?" Wallahi tambayar ta tsaya mini a rai.

Lissafin ba wuya. Lilo ba ya ƙara kujera don an sayar da tikiti. A ce yana ɗaukar mutum 1,200 a awa, wato 20 a minti. In mutum 600 ne a gabanka, rabin awa za ka jira. Amma in aka ba masu tikiti kujera uku cikin kowace huɗu, layinka mutum 5 kawai yake ci a minti, rabin awar nan ta koma awa biyu. Wani zai ce ai waɗanda suka sayi tikitin sun fita daga layin, ya ragu. Haka ne, sai dai mai tikiti ba zama yake yi ba. Kafin lokacinsa ya yi, yana can a layin wani lilon. Mutum ɗaya ya tare wuri biyu ke nan.

Da can ba a biya. Kamfanin Disney, mai wasu manyan wuraren wasa a nan Orlando, ya fito da tsarin tsallake layi mai suna FastPass a 1999: ka saka tikitin shigarka a na'ura, ta ba ka 'yar takarda mai ɗauke da lokacin da za ka dawo. Ko a lokacin layin gama-gari yana jan ƙafa, amma kowa yana da damar karɓa, yau ka jira ni, anjima in jira ka. An dakatar da shi lokacin korona a 2020, a watan Oktoban 2021 kuma aka maye gurbinsa da Genie+ kan dala 15 kowane mutum a rana. Tun 2024 sunansa Lightning Lane Multi Pass, farashinsa yana hawa da sauka bisa cunkoson ranar, kuma manyan lilon da kowa ke rububi sai ka biya musu daban. A manhajar waya kake zaɓar lilo uku tun kafin ranar, don haka sai ka ga uba ya wuni kansa a sunkuye yana neman gurbi.

Tikitin Universal, wani kamfanin wuraren wasa a nan Orlando, mai suna Express Pass, ya fi tsada nesa ba kusa ba, amma babu zaɓen lokaci, da ka iso ka shiga. Wasu manyan otal ɗinsu suna haɗa shi cikin kuɗin ɗaki, wanda ga mai iyali da yawa abin dubawa ne. A ganina ya fi sauƙin sha'ani, ko da yake shi ma daga kujerun masu jira ake yankar masa.

In za ku zo lokacin hutun makaranta ko ƙarshen Disamba, kuma kwana ɗaya kawai gare ku, saya, kada yara su wuni a rana su hau abu uku. In kuna da kwanaki, bar kuɗinka a aljihu. Mu isa ƙofa tun kafin a buɗe, mu fara da lilon da ya fi cika, don awar farko ta fi awa uku na tsakar rana albarka. Manyan yaran kuma akwai layin mai hawa shi kaɗai a wasu lilon, kyauta ne, in sun yarda a raba su wurin zama. Ka turo mini tsawon ƙaramar, don wasu lilon sai an auna yaro a ƙofa.