Yawon ƙafa da ɗan jagora a Dean Village da Stockbridge: ya cancanci kuɗinsa?

Hanyar da ke bin gaɓar kogin Water of Leith ta unguwannin Dean Village da Stockbridge a Edinbara kyauta ce, don haka kuɗin da ɗan jagora ke karɓa na bayani ne kawai. Mai kyau a cikinsu yakan fara daga gangaren Bell's Brae, ya nuna maka inda injinan niƙa masu aiki da ruwa suka ciyar da birnin shekaru aru-aru, sannan ya daɗe a Well Court. Wannan jan gini mai hasumiyar agogo, mai jaridar The Scotsman, John Ritchie Findlay, ne ya gina wa ma'aikata a shekarun 1880. Idan ɗan jagora ya wuce shi da sauri, kuɗinka ya tafi a banza.

Daga ƙarƙashin gadar Dean mai baka huɗu, aikin injiniya Thomas Telford, hanya ta miƙe zuwa St Bernard's Well, ginin da aka yi a kan wata rijiya a 1789. Galibi a kulle yake, daga waje ake kallo. A Stockbridge a nemi ganin Colonies, gidajen da magina suka haɗa gwiwa suka fara ginawa a 1861: mai bene na sama yana shiga ta matakala daga wani gefe, na ƙasa ta ɗaya gefen, kowa da lambunsa.

Matsalar ita ce duwatsun titin suna santsi da an yi ruwa, takalmi marar santsi dole ne. Dean Village unguwar zama ce, ba shaguna ba banɗaki, kuma tawagar da ta yi yawa ba ta jin muryar jagora saboda ƙarar ruwa.