Bakin ƙaramin hanji da na babban hanji: shirin komawa gida bayan tiyata

Wata 'yar'uwa daga Tudun Wada ta yi tambaya a kan ƙaninta, wanda zazzaɓin taifod ya huda wa hanji, aka yi masa tiyata aka fito masa da bakin hanji ta gefen dama na cikinsa, kuma ana shirin sallamarsa cikin makon nan. Maƙwabciyarsu, wadda ta yi jinyar mahaifinta bayan irin wannan aiki saboda ciwon daji, ta ce mata lamarin duk ɗaya ne. Shi ne take son sanin ko za ta bi shawarar maƙwabciyar yadda take.

'Yar'uwa, Allah Ya ba shi lafiya, Ya ba ku ladan jinya. Maƙwabciyarki za ta amfane ki wajen koyon riƙon jakar da ake mannawa a bakin hanjin don tara bahaya, da kwantar da hankali, amma kama da wane ba ta wane. Bisa ga abin da kika faɗa, aikin ƙaninki iliyostomi ne, wato ƙarshen ƙaramin hanji aka fito da shi, shi kuwa dattijon mai yiwuwa kolostomi aka yi masa, wato babban hanji, wanda galibi ake fitarwa ta gefen hagu. Ki nemi likitan ya tabbatar miki, kuma a rubuta sunan aikin a takardar sallama.

Babban hanji shi ne ke tsotse ruwa da gishiri daga ragowar abinci kafin ya zama bahaya. Saboda haka mai kolostomi ta hagu yana fitar da bahaya mai kauri, sau ɗaya zuwa uku a rana, kuma abin da ya fi damunsa shi ne taurin bahaya da iska da wari, musamman bayan wake, ƙwai, albasa ko kabeji. Mai iliyostomi kuwa abin da ke fita daga gare shi ruwa-ruwa ne kamar kunu, ba shi da lokacin tsayawa, ana zubar da jakar kamar sau shida zuwa takwas a rana, kuma yana tafiya da gishirin jiki. Idan hanjin ya daidaita, yawansa kan tsaya tsakanin rabin lita da lita ɗaya a yini, amma a makonnin farko yakan wuce haka. A shekarun da na yi a ɗakin majinyatan tiyata, ƙarancin ruwa ne ya fi dawo mana da masu iliyostomi, wasu har ƙodarsu ta fara taɓuwa, kuma zafin Maris da Afrilu na Kaduna yana ƙara tsananta lamarin.

Don haka ki yanke bakin gorar roba ta lita ɗaya, ki riƙa auna abin da aka zubar kina rubutawa. Idan ya kai lita ɗaya da rabi a yini, kwatankwacin ledar ruwan sha uku, ko fitsarinsa ya ragu ya yi duhu, ko ya fara jiri da bushewar baki da ɗaurewar tsokar ƙafa, to a koma asibiti a ranar. Abin da ke ba iyalai mamaki shi ne, a irin wannan hali ɗura masa zallan ruwa, ko lemon kwalba, ko zoɓo mai zaƙi, ƙara gudun abin yake yi. Ruwan gishiri da sukari na fakiti, irin wanda ake ba yara masu gudawa, shi ne ya kamata ya riƙa kurɓa a hankali. Maganin sassauta ciki kuma, wanda wataƙila ya taimaki mahaifin maƙwabciyarki, haɗari ne ga ƙaninki. Idan kuka ga ƙwayar magani ta fito cikin jaka ba ta narke ba, a sanar da likita ya canza ta.

A wajen abinci, mai kolostomi yakan koma cin kusan komai bayan ɗan lokaci. Mai iliyostomi sai ya yi hattara da abubuwan da kan cushe a bakin hanjin, musamman a makonni shida na farko: gyaɗa, aya, kwakwa, gasasshiyar masara, gugguru, mangwaro mai zare, da kwaɗon rama ko zogale. Tuwon shinkafa, ayaba, taliya, burodi da dankalin turawa suna kaurara abin da ke fita. Ya ci kaɗan-kaɗan, ya tauna sosai, kuma kada a rage masa gishiri sai in likita ya hana. Idan abin ya ɗauke na sa'o'i, ga murɗar ciki da kumburi da amai, toshewa ce, ba a jiran gari ya waye.

Fata ita ce wani wurin kuma da shawarar maƙwabciya za ta gaza. Saboda tsadar jakunkuna, iyalai da dama kan koma ga leda da tsumma, kuma mai kolostomi na iya daurewa da hakan na ɗan lokaci, ko da yake ban so. Ruwan ƙaramin hanji yana ɗauke da sinadaran narkar da abinci, cikin 'yan kwanaki sai ya saɓule fatar da ke kewaye, daga nan babu jakar da za ta ƙara mannewa. Ƙaninki yana buƙatar jaka mai buɗewa ta ƙasa, a zubar idan ta kai sulusi ko rabi, a canza ta duk kwana uku zuwa huɗu, ko nan take idan ta fara yoyo, kuma da sassafe kafin karin kumallo ya fi sauƙi. Ana yanka ramin jakar ya ɗara bakin hanjin da milimita 2 zuwa 3 kawai, ana sake aunawa kowane mako, domin kumburin yana saɓewa har zuwa mako shida ko takwas. Ruwan ɗumi ya isa wanki, a busar da wurin sosai, kada a shafa mai, domin yana hana gam kamawa.

Akwai inda su biyun suka haɗu. Bakin hanji mai lafiya ja ne kuma a jiƙe, kamar cikin kumatu, ɗan jini wajen gogewa ba komai ba ne, amma idan ya koma shuɗi ko baƙi, a garzaya asibiti. Ba ɗaukar jarka ko buhu har wata biyu, kuma zariyar wando kada ta bi ta kan bakin hanjin. Malamai suna sanya mai jaka cikin masu uzuri, kamar mai yoyon fitsari, sai ya zubar da ita kafin alwala ya yi sallarsa. Azumi kuwa, ƙaninki kada ya ɗauka sai likita ya amince, domin ƙishirwa ta fi yi masa illa fiye da mai kolostomi.

Kafin ku karɓi takardar sallama, ki roƙi ma'aikaciyar jinya ta tsaya a kanku, ke da shi, kowa ya cire jaka ya manna sabuwa da hannunsa aƙalla sau biyu, domin kallo daban, yi daban. Ku fita da jakunkunan da za su kai mako biyu, da sunan irinsu da girmansu a rubuce. Iliyostomin da ake yi saboda taifod galibi na wucin gadi ne, ana mayar da hanjin ciki bayan 'yan watanni idan jiki ya murmure, don haka ki tabbatar an ba ku ranar komawa ganin likitan tiyata kafin ku bar gadon.