Rumfar tsofaffin littattafai kusa da Babbar Kasuwar Yamai

Rumfar ba ta da allon suna, tabarma ce da akwatuna a gefen titi, amma dattijon da ke zaune wurin ya san cikin kayansa. Yawancinsu littattafan lakwal ne na Faransanci, sai ƙalilan na adabi da yake ɓoyewa a akwatin ƙarfe saboda ƙura.

Na tambaye shi labarin soyayya wanda zan iya ba ƙanwata. Ya ce, "Ɗiyata, ga na Rumawa, babu ɓatanci ko kaɗan." Fassarar Faransanci ce ta labarin Hismine da Hisminiyas, wanda wani marubuci mai suna Makrembolites ya rubuta da Girkanci a ƙarni na 12, zamanin da sarakunan gidan Komnenos ke mulki a birnin da yau ake kira Istanbul. Jaka uku ya sa masa, muka daidaita a biyu.

Maganar Baba rabinta gaskiya ce. Yarinyar labarin, Hismine, ta tsare budurcinta har ranar aure, duk da jefa ta cikin teku da aka yi da bautar da ta sha. Har gwaji aka yi mata a maɓuɓɓugar gunkiyar Artemis: budurwa ta shiga ruwa da kambin ganye a ka, in ta taɓa sanin namiji sai gunkiyar ta ɗana mata baka, ta sunkuya don tsoro, ruwa ya tafi da kambin. Hismine ta fito da nata. Sai dai kunya kam babu ita. Ita ce ta fara, tana zuba wa Hisminiyas, baƙon ubanta, giya tana taka masa ƙafa a gaban iyaye, shi kuma mafarkan da yake yi da ita marubucin bai rage komai ba. Kirista ne ya rubuta, amma duniyar labarin ta masu gumaka ce, kuma iyakar da ya sa guda ɗaya ce tak, wato tsare budurci. Marubutan soyayya na Kano ma ba su cika zuwa nan ba.

Don haka ban ba ƙanwata ba, shekarunta ba su kai ba.

Kafin ku biya ku duba shafuka, gara ta ci gefen wasu, kuma ba ya karɓar abin da aka saya. Ku je da safe, bayan azahar yakan tattara kaya.