Shimfiɗar kare katifa daga fitsarin kwance: abin da na gani bayan wata bakwai

Ɗana ya daina saka kunzugu da rana tun yana da shekara biyu da wata takwas, yana neman fo da kansa, kuma da wuya ya ɓata wandonsa ko da wasa ya ɗauke masa hankali. Da dare kuwa labarin daban ne, domin a cikin kwana bakwai sai ya jiƙa shimfiɗa a huɗu ko biyar. Wannan ne ya sa na sayi shimfiɗar nan da ake ɗorawa a kan katifa, wadda ruwa ba ya ratsa ta kuma ake wanke ta a sake amfani da ita. Yanzu wata bakwai ke nan tana gadonsa, ta ga zafin bazara ta kuma ga tsakiyar damina, saboda haka ina ganin na san ta gwargwadon da zan iya faɗin amfaninta da aibinta.

Na saye ta ne a wani shagon kayan jarirai a Kano. Faɗinta santimita 70 ne, tsawonta 90, kuma hawa uku aka yi mata: na sama yadi ne mai laushi irin na auduga, na tsakiya mai kauri ne wanda yake shanye ruwa, na ƙasa kuma wata siririyar roba ce da aka manna wa yadi. Kafin ita na gwada leda mai kauri irin wadda ake shimfiɗawa a gadon asibiti, na ɗora zane a kai. Ledar tana kare katifa sarai, amma ba ta shan ruwa, don haka fitsarin yakan taru a tsakiya ya bi jikin yaron har wuyan rigarsa, ga ƙarar da take yi duk lokacin da ya juya, ga gumi. A watan Afrilu sai da ƙurajen zafi suka feso masa a gadon baya saboda ita.

A wannan fannin sabuwar shimfiɗar ta cika alkawari. Daren farko da ya jiƙa ta, na ɗaga ta da asuba na shafa zanen gadon da tafin hannuna, na ji shi a bushe ƙayau, katifar ma babu ko ɗigo. Duk wadda ta taɓa fitar da katifar soso rana, ta jingina ta da bango tana juya ta har la'asar amma zarnin bai fita ba, ta san darajar wannan. Aikin da a da yake cin kusan rabin sa'a da tsakar dare, na cire zane da sauya bargo da neman inda za a kwantar da yaro, ya koma na zare shimfiɗa ɗaya, a sauya masa wando, a koma barci. Ba ta ƙara idan ya motsa, kuma duk da cewa tana ɗan riƙe ɗumi a lokacin zafi, ba ta kai ko rabin leda ba.

Inda ta gaza shi ne girmanta. Yaro ɗan shekara uku ba ya kwana a inda aka ajiye shi. Sai ka kwantar da shi kansa na gabas ka tarar da shi da safe ƙafafunsa a kan matashi. Sau da dama ya gangara daga kan shimfiɗar ya yi fitsarin a gefenta, ta wayi gari a bushe katifa kuma a jiƙe. Wadda na saya ba ta da kunnuwan da ake cusawa ƙarƙashin katifa, don haka takan naɗe ta dunƙule idan ya yi ta birgima. Daga baya na ga akwai masu irin waɗannan kunnuwa, da kuma wadda take rufe katifa gaba ɗaya kamar zanen gado mai roba a bakinsa. Da yau zan saya, mai kunnuwan zan ɗauka, kuma guda biyu, saboda a watan Agusta hawan tsakiyar nan mai kauri yakan yini a kan igiya bai bushe ba, dare ya yi ba ni da abin shimfiɗawa. Wankinta ma yana buƙatar kula: a fara ɗauraye ta da ruwan sanyi kafin a sa sabulu, kada a sa mata bilic, kada kuma dutsen guga ya taɓa ta, domin zafi yana narkar da robar. Tawa ta fara ɗan tsagewa a kusurwa ɗaya a wata na shida, kuma ina zargin murɗa ta da nake yi wajen matsewa ne ya jawo.

Abin da ya fi ɓata mini rai ba a jikin kayan yake ba, a bakin mai shagon yake. Da yake miƙo mini ita ya ce: “Hajiya, wannan idan kika sa masa, sati biyu ya daina, domin yana jin sanyin zai riƙa tashi.” Wannan magana ba ta da tushe, kuma irinta ce take sa uwa ta koma gida tana lissafin kwanaki, idan wa'adin ya wuce ta huce a kan yaro. Kamewar rana da kamewar dare abubuwa biyu ne. Ta rana ana koya ta, ta dare kuwa jiki ne yake kawo ta idan lokacinta ya yi: sai mafitsara ta girma ta iya riƙe fitsarin dare, sai jiki ya fara sakin isasshen sinadarin da yake rage yawan fitsarin da ƙoda take tacewa a lokacin barci, sai kuma ƙwaƙwalwa ta iya farkar da yaro idan mafitsara ta cika. Shi ya sa likitoci ba sa ɗaukar fitsarin kwance a matsayin lalura kafin yaro ya cika shekara 5, kuma ko a wannan shekarun kusan kashi 15 cikin 100 na yara suna yi, maza sun fi mata. Abin yana bin jini ƙwarai. Ni kaina sai da na fara wannan fama surukata ta faɗa mini, tana dariya, cewa mahaifin yaron ya kai aji ɗaya na firamare yana yi. Don haka kiran yaro amalala, ko sa 'yan uwansa su yi masa waƙa, ko tsoratar da shi da kwaɗo kamar yadda ake yi a da, hukunci ne a kan abin da ya faru yana barci bai sani ba.

Wasu za su ce me zai hana a ci gaba da saka masa famfas da dare, kuma babu laifi a cikin hakan ga yaro mai wannan shekaru. Mu dai namu ya ƙi, yana cewa shi ba jariri ba ne, ga kuma tsadar da take ƙaruwa kullum, alhali shimfiɗar sau ɗaya aka biya kuɗinta. Abin da muke haɗawa da ita kaɗan ne: yana shan ruwa sosai da rana, ana rage masa bayan sallar isha'i ba tare da an hana shi idan yana jin ƙishirwa ba, ba a ba shi shayi ko lemon kwalba da yamma, kuma yana zama a kan fo kafin a sakar masa gidan sauro. Mun kuma lura cewa duk makon da bayan gida ya yi masa tauri jiƙawar takan ƙaru, kuma haka abin yake, domin hanjin da ya cika yana danne mafitsara.

Akwai yanayin da bai kamata a tsaya ga shimfiɗa ba. Idan yaro ya yi wata shida ko fiye yana kwana a bushe sannan ya dawo da jiƙawa, ko yana kuka idan zai yi fitsari, ko ana ganin jini a ciki kamar yadda tsargiya take sa wa, ko yana yawan ƙishirwa yana ramewa, ko yana minshari mai ƙarfi kullum, asibiti ya kamata a nufa. Yara masu sikila ma sun fi sauran fama da wannan, saboda ƙodarsu ba ta iya rage ruwan fitsari yadda ya kamata, kuma su ba a taƙaita musu ruwa. Na'urar ƙararrawa da take farkar da yaro idan ya fara jiƙawa, da maganin da likita yake rubutawa, na manyan yara ne, ba na ɗan shekara uku ba.

Ga uwar da yaronta ya kame da rana amma dare yake ba ta aiki, ina ganin shimfiɗar ta cancanci kuɗinta, da sharaɗin a zaɓi babba mai kunnuwa kuma a sayi biyu. Yarona har yanzu yana jiƙa ta, sai dai ya koma kamar sau biyu a mako, kuma da safe shi ne yake ɗaukar ta da kansa ya kai bokitin wanki.