Fankar lantarki ko ta kulochi: abin dubawa kafin a saya a Suame

Mai babbar motar da injinta ke yawan zafi, idan ya shiga Suame Magazine, unguwar makanikai da masu sayar da kayan gyaran mota a Kumasi, neman mafita, ba zai rasa mai ba shi shawarar ya cire fankar da inji ke juyawa ya ɗaura ta lantarki ba. Shawarar tana da hujjarta, domin fankar tirela kan cinye sama da ƙarfin doki 30 idan ta kama sosai, kuma daga tankin gas ake biyan wannan ƙarfi. Ita kuwa ta lantarki ba ta tashi sai ruwan lagireto ya kai zafin da aka saita mata, sannan iskarta ba ta raguwa ko da mota na tsaye a layin tashar Tema ko a iyakar Paga.

Sai dai lissafin wuta yana nuna iyakarta. Motoci irin su DAF, MAN da Howo suna aiki da batir mai volt 24, kuma altaneta, wato na'urar da ke samar wa mota wuta, mai amp 100 ba ta ba da abin da ya kai ƙarfin doki huɗu, alhali da shi ake kunna fitilu, ake kuma cajin batir. Fankar lantarki mai ƙarfi guda ɗaya kan ja amp 20 zuwa 30, gaban lagireton tirela kuwa yana buƙatar irinta da yawa. Saboda haka motar da ke ɗaukar cikakken lodi zuwa Bolgatanga a watan Maris, lokacin da zafi kan haura digiri 40, bai kamata a raba ta da fankarta ta asali ba. A ganina, abin da ya fi mata shi ne sabon kulochin fanka, wato abin da ke haɗa fankar da inji idan zafi ya tashi, ko mai man silikon da ke kamawa idan iskar lagireto ta yi zafi, ko wanda kwamfutar inji ke sarrafawa. Kulochin da ya gaji ba ya ɓuya: za a ga mai ya jiƙa fuskarsa ƙura ta manne, kuma inji zai yi zafi ba a ji rurin fanka ba.

Fankar lantarki ta fi dacewa da tifa ko motar da ke wuni a cunkoson Kejetia da Anloga a cikin Kumasi, ko kuma a matsayin mataimakiya a gaban na'urar sanyaya ɗakin direba. A nan ma akwai zaɓi biyu. Mai burushi, wato mai ɗan gawayin da ke kai wuta ga abin da ke juya ta, ta fi araha, kuma masu gyaran waya sun san ta, amma ƙurar hunturu tana cinye gawayinta da wuri. Marar burushi, irin wadda kamfanin SPAL na Italiya ke ƙerawa, ta fi tsada, ta fi daɗewa, kuma tana ƙara gudu ko ta rage gwargwadon zafi, sai dai idan na'urar cikinta ta ƙone, sauyawa ake yi.

Kowacce aka zaɓa, a tabbatar an rubuta 24V a jikinta, domin ta ƙananan motoci mai 12V ta cika kasuwar kayan kwance. A nemi alamar IP68, wadda ke nuna ba ta shan ƙura da ruwa, a gwada ta a batir a gaban mai shago, a kuma sa mai haɗawa ya yi amfani da waya mai kauri, fis da rile, wato makunnin da ke ɗauke nauyin wutar. Kafin duk wannan, a wanke lagireto ciki da waje, a duba tamostat, mai buɗe wa ruwa hanya idan inji ya yi zafi, da famfon ruwa, domin sau da yawa can matsalar take.