Rizalt ɗin lab ko bakin mara lafiya?

Hanya biyu ake bi a gane halin mai ciwon ƙoda da ya yi nisa. Ta farko gwajin jini, creatinine da urea (dattin da ƙoda ke tacewa daga jini) da PCV (ma'aunin yawan jini), in eGFR, wato ma'aunin ƙarfin tacewar ƙoda, ya sauka ƙasa da 15 an shiga mataki na 5, na ƙarshe, kenan, sai a fara maganar wankin ƙoda. Da shi likita ke yanke shawara, ba makawa.

Amma wallahi lamba ba ta san ƙaiƙayin da ke hana mutum barci ba, ba ta san ƙishin wanda aka ƙayyade wa ruwa a zafin Afrilu ba, balle kuɗin mota daga Tudun Wada zuwa asibitin koyarwa na Shika a Zariya ga kuɗin wankin ƙodar shi kansa, a ƙa'ida sau 3 a sati awa 4 kowane zama. Nan hanya ta biyu ta fi, wato jin ta bakin mara lafiya da takardar tambayoyi ta KDQOL-36, tambaya 36 ce kuma mara lafiyan ne ke amsawa, gajiya, ƙaiƙayi, aiki, damuwa. Matsalarta mutanenmu akwai kawaici, ka tambayi Baba ya jiki ya ce alhamdulillah da sauƙi alhali ko sallah a zaune yake yi. Ni dai a riƙa haɗa biyun, kuma a yi tambayar da Hausa, a natse, ba a gaban surukai ba.